Amsa ga mai tambaya kan amfani da CDN domin shafinsa ya riƙa buɗewa da sauri

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta bayaninka cewa kana da shafin sayar da atamfa da shadda da leshi wanda aka gina maka da manhajar WordPress, cewa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, tana Amurka alhali yawancin masu sayayyarka suna Kano da Kaduna da Abuja, kuma wani ya ba ka shawarar ka saka CDN, wato tsarin da ke ajiye kwafin fayilolin shafi kusa da masu buɗe shi, saboda shafin yana jan ƙafa idan aka buɗe shi a waya. Na daɗe ina kula da shafuka irin naka, kuma abin da zan faɗa maka shi ne shawarar tana da kyau, amma CDN maganin nisa ne kawai. Idan abin da ke damun shafinka nauyi ne, ko kuwa sabarka ce ke jinkirin haɗa shafi, to za ka saka shi ka ga canjin bai taka kara ya karya ba.

Aikin CDN shi ne ajiye kwafin fayilolin shafinka, kamar hotuna da fayilolin tsari da na haruffa, a sabobi masu yawa da ke warwatse a biranen duniya, ta yadda mai buɗe shafin zai karɓe su daga wadda ta fi kusa da shi. Kamar yadda kamfanin lemo ba ya jiran mai shago a Sabon Gari ya aika har masana'anta, sai ya buɗe rumbu a cikin gari ya cika shi tun kafin a nema. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin an kafa kamfanin Akamai mai wannan sana'a tun 1998, Amazon ya fito da CloudFront a 2008, Cloudflare kuma ya fara aiki a 2010. Abin da ya sa maganar ta shafe mu yanzu fiye da da shi ne Cloudflare da CloudFront duka suna da sabobi a Legas.

Ya kamata ka fahimci dalilin da ya sa nisa ke cin lokaci haka, domin daga nan ne za ka gane abin da za ka samu da abin da ba za ka samu ba. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya a cikin wayar faiba, ma'ana kowace kilomita 100 tana ƙara kusan milisakan 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a tafiya da dawowa. Wayar faiba ta ƙarƙashin teku mai suna MainOne da ta taso daga Fotugal ta sauka Legas a 2010 tana da tsawon kusan kilomita 7,000, saboda haka ita kaɗai tana cin kusan milisakan 70, kafin a yi maganar tsallaka teku zuwa Amurka da kuma tazarar Kano zuwa Legas. Sannan wayar mai saye ba sau ɗaya take yin wannan zirga-zirga ba. Sai ta fara ƙulla alaƙa da sabar, sannan su daidaita kan makullin sirri, sannan ta roƙi shafin, wato zuwa da dawowa uku ke nan aƙalla kafin harafin farko ya iso. Idan kowace tafiya tana cin milisakan 200, an riga an ɓata fiye da rabin daƙiƙa ba tare da an nuna wa mutum komai ba. Idan aka koma ƙulla wannan alaƙa da saba a Legas, mafi yawan wannan asara tana gushewa. Akwai kuma wata fa'ida da muka gani a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma: duk abin da ke da kwafi a cikin ƙasa ya fi sauƙin samu a kan wanda sai an tsallaka teku.

Amma kafin ka taɓa komai, ina roƙonka ka duba nauyin hotunanka, domin a shafukan tufafi nan ne na fi tarar da matsalar. An taɓa kira na in duba shafin wani shagon ɗinki, sai na ga ana ɗaukar hoton kaya da waya a ɗora shi kai tsaye yadda ya fito, kowane hoto kusan megabait 4, kuma an jera guda 20 a shafin farko. Megabait 80 ke nan mai saye zai sauke da datarsa domin ya ga abin da bai fi faɗin tafin hannu ba a fuskar wayarsa. Ko da sabar tana cikin unguwarsu, sai ya jira, kuma da yawa ba za su jira ba, musamman wanda ya sayi data ta yini ɗaya yana lissafin abin da ya rage masa. Da aka rage faɗin hotunan zuwa fiksel 1,200, aka mayar da su tsarin WebP mai rage nauyin hoto, kowannensu ya dawo ƙasa da kilobait 200, kuma zanen leshin bai ɓace ba ko kaɗan. Aka kuma saita shafin yadda hotunan ƙasa ba za su sauka ba sai mutum ya gangaro kusa da su. Wannan gyara kaɗai ya fi kawo sauƙi a kan CDN ɗin da aka saka daga baya, kuma bai ci ko sisi ba.

Abu na biyu shi ne wanda mutane suka fi jahilta. Idan ka saka Cloudflare ka bar shi a saitinsa na asali, hotuna da fayilolin tsari yake ajiyewa, ba ya ajiye ainihin shafin HTML, wato fayil ɗin da ke ɗauke da rubutun shafin. Saboda haka duk wanda ya buɗe shafinka, roƙonsa zai ratsa ta Legas ya wuce Amurka, WordPress ya tashi ya tambayi rumbun bayanai, ya bi ta kan duk fulogin da aka cusa masa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, sannan ya haɗa shafin ya aiko. Idan wannan aiki yana ɗaukar sabarka daƙiƙa 2, CDN ba zai rage maka shi ba. Kana iya tabbatar da wannan da idonka: ka buɗe shafin a Chrome a kwamfuta, ka danna F12, ka shiga sashen Network, ka danna fayil na farko, ka nemi layin da aka rubuta cf-cache-status. Idan ka ga HIT, daga ma'ajiyar kusa aka ba ka. Idan ka ga MISS, an nema ba a samu ba, an je an ɗauko. Idan kuwa DYNAMIC ka gani, to ba a ma yi niyyar ajiye shi ba. Maganin wannan shi ne a saka fulogi mai ajiye shafukan da aka riga aka haɗa a kan sabarka, a cire fulogan da ba ka amfani da su, sannan a rubuta wa CDN ƙa'idar da ta ba shi izinin ajiye shafukan da kowa ke gani iri ɗaya.

A nan ne nake son ka yi taka-tsantsan, domin shafinka na ciniki ne. Kwandon sayayya da shafin biyan kuɗi da shafin asusun mai saye da ɓangaren mai gudanarwa ba a ajiye su ko da wasa, domin idan aka ajiye, akwai yiwuwar a nuna wa wani mutum suna da adireshin wani, kuma wannan cin amana ne ga wanda ya yarda da kai. Haka nan maganar farashi. Na san wata 'yar kasuwa da ta ƙara kuɗin shadda saboda tashin dala, amma masu saye suka ci gaba da ganin tsohon farashi har washegari, domin wanda ya saita mata ya sa wa shafukan wa'adi mai tsawo kuma bai nuna mata yadda ake share ajiya ba. Sai da ta sayar wa wasu a kan asara domin kada a ce ta yi magana biyu. Hotuna kana iya ba su wa'adin shekara guda, matuƙar duk lokacin da ka canja hoto za ka canja masa suna, amma shafin da ke ɗauke da farashi wa'adinsa ya zama gajere, kuma a haɗa shi yadda ajiyar za ta share kanta da zarar ka yi gyara.

Kada kuma ka ɗauka cewa samun saba a Legas yana nufin kowane mai saye can za a kai shi. Hanyar da roƙo ke bi ta danganta da yadda kamfanin layinsa ya haɗu da kamfanin CDN, ko kai tsaye ko ta cibiyar musayar intanet ta Najeriya, wato IXPN, kuma wani lokaci sai ka ga an kai mutum Landan ko Amsterdam. Idan Cloudflare ka zaɓa, ka rubuta adireshin shafinka ka ƙara /cdn-cgi/trace a ƙarshensa, za ka ga wani layi mai suna colo. Idan an rubuta LOS, Legas ke nan, LHR kuma Landan. Ka gwada da layuka daban-daban, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da layi ke cunkushewa, kuma da irin wayar da masu sayayyarka ke riƙewa.

Wajen saitawa, abubuwa biyu ne suka fi kawo kuka. Idan za a mayar da DNS ɗinka, wato bayanan da ke haɗa sunan shafinka da sabarsa, zuwa kamfanin CDN, a tabbatar an kwashe bayanan imel gaba ɗaya, in ba haka ba saƙonnin oda su daina shigowa ba ka sani ba. Sannan a saitin SSL, wato tsarin sirranta bayanan da ke kai da komo, a zaɓi Full (strict) bayan an tabbatar sabarka tana da takardar shaida mai aiki, domin zaɓin Flexible yakan sa shafi ya riƙa juyawa a kan kansa har burauza ta gaji ta nuna kuskure.

Game da kuɗi, tsarin kyauta na Cloudflare ya ishi shago irin naka a farko, don haka ban ga dalilin da zai sa ka fara biyan dala ba tukuna. Ka soma da auna shafin a PageSpeed Insights, wato ma'aunin saurin shafi na Google, ka duba sakamakon waya, ka rubuta lokacin da babban abin da ke shafin ke bayyana, wanda Google ke ɗaukar daƙiƙa 2.5 ko ƙasa da haka a matsayin mai kyau. Ka gyara hotuna ka sake aunawa, ka gyara sabar ka sake aunawa, sannan ka saka CDN, domin ka san abin da kowane mataki ya kawo. Idan ka turo mana sakamakon awon farko tare da jerin fulogan da ke kan shafin, in sha Allahu zan duba in nuna maka waɗanda ya kamata a fara cirewa.