Harsashin Gwajin Saiti a Amurka: Yadda Za a Rage Tsadarsa Ba Tare da An Taɓa Jarin Shago Ba

Wani ɗan kasuwa ɗan asalin Kano da ke zaune a birnin Houston na jihar Texas ne ya aiko da tambayar. Yana da shagon kayan abincin gida, su manja da garin rogo da yaji, kuma yana da takardar zama ta dindindin. Bayan da aka yi fashi a wani shago da ke kusa da nasa, sai ya sayi ƙaramar bindiga ta hanyar da doka ta yarda, yana zuwa filin koyon harbi kowane ƙarshen mako. Ya ce kuɗin harsashi na neman fin ƙarfinsa, don yana harba kimanin 150 a mako kuma a filin yake saye. Yana so ya san inda zai samu sari mai rahusa, da kuma ko ya dace ya sayi da yawa ya riƙa sayar wa abokai a shagonsa. A ƙarshen wasiƙar ya ƙara da cewa wani ɗan'uwansa a gida ya roƙe shi ya cusa masa kwali ɗaya a cikin kwantenar da yake aikawa Legas.

Alhaji, na yaba da yadda ka ɗauki koyon harbin da muhimmanci. Wanda ya ajiye bindiga bai iya sarrafa ta ba haɗari ne ga iyalinsa kafin ya zama haɗari ga ɗan fashi. Amma tun farko ka sa a ranka cewa harsashin gwaji kuɗin kashewa ne, ba jari ba. Duk wanda ka harba ya tafi ke nan. Saboda haka ba a littafin shago za ka rubuta shi ba, a kasafin gida za ka ware masa gurbi, kuma duk shawarar da zan ba ka daga nan ta taso.

Mu fara da lissafi. Harsashi 150 a mako ya kama 7,800 a shekara. A ce a filin kana sayen ƙaramin kwali mai guda 50 a kan dala 20, wato senti 40 kowane ɗaya. A ce kuma ka samu katan mai guda 1,000 a kan dala 250, senti 25 ke nan. Bambancin senti 15 ba ya cika ido, amma ka ninka shi sau 7,800, za ka ga dala 1,170 ce ke zurarewa daga aljihunka duk shekara. Farashin da na kawo misali ne kawai, kasuwa tana hawa tana sauka, amma tsarin ba ya canzawa. Filin harbi shi ne wuri mafi tsada da za ka sayi harsashi, domin mai filin ya san ka riga ka iso, kuma ba za ka koma gida ba ka yi harbi ba.

Ma'aunin da za ka riƙe guda ɗaya ne: nawa harsashi ɗaya ya tsaya maka bayan ya iso ƙofar gidanka. Ba farashin da aka rubuta da manyan haruffa a talla ba. Katan ɗin 9mm, wato girman harsashin da aka fi amfani da shi a ƙananan bindigogi, yana da nauyin kilo 12 ko kusa da haka, hukumar gidan waya ta Amurka ba ta ɗaukar harsashi, sai kamfanoni irin su UPS da FedEx ta mota, don haka kuɗin dako ba ƙarami ba ne. Ga kuma harajin saye, wanda a Houston ya kai kashi 8.25 cikin ɗari, kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 manyan shagunan intanet suna karɓarsa ko da a wata jiha suke. Katan na dala 230 da za a ƙara masa dala 25 ta dako ya fi na dala 250 da aka ce dako kyauta tsada. Akwai shafuka irin su AmmoSeek da ke jera farashin dillalai da yawa bisa kuɗin harsashi ɗaya. Ka yi amfani da su, amma ka bi har matakin biya ka ga jimillar kafin ka yanke hukunci, domin wasu dillalan a kuɗin dako suke ɓoye ribarsu. Kada kuma ka raina manyan shagunan kayan wasanni irin su Academy, wanda hedkwatarsa ke nan Katy kusa da kai. Lokacin rangwame sukan yi daidai da intanet, ba kuwa kuɗin dako. Walmart kam kada ka wahalar da kanka, tun 2019 suka sanar da daina sayar da harsashin ƙananan bindigogi bayan harin da aka kai shagonsu na El Paso.

Sai irin kayan. Harsashin da ake ajiyewa don kare kai, mai ramin baki, tsadarsa takan ninka ta na gwaji sau biyu ko uku, kuma asara ce a ƙare shi a kan takarda. Na gwaji shi ne wanda za ka ga an rubuta FMJ a kwalinsa, wato wanda aka lulluɓe dalmar kansa da ƙarfe, mai nauyin giren (ma'aunin nauyin kan harsashi) 115 ko 124, da kwanson tagulla. Blazer Brass da American Eagle da Winchester mai farin kwali duk na Amurka ne. Akwai Sellier & Bellot na ƙasar Cek, da Magtech na Barazil, da PMC na Koriya ta Kudu, da Fiocchi wanda asalinsa Italiya ne. A wajen huda takarda daga mita 10 ko 15, bambancin da ke tsakaninsu bai kai a biya ƙarin kuɗi a kansa ba. Wanda ya fi araha a ranar shi ne naka, da sharaɗi guda: ka fara sayen ƙaramin kwali ɗaya ko biyu ka gwada a bindigarka. Wata bindigar takan ƙi wani samfurin, tana cijewa, kuma dillalai ba sa karɓar harsashi idan ya fita daga hannunsu. Wannan ai ka fi ni sani, ba ka sarin buhu sai ka ga samfur.

Za ka ci karo da wanda ya fi waɗannan araha, mai kwanson baƙin ƙarfe. Kafin ka saya ka tambayi filin da kake zuwa, don filaye da yawa na cikin gini ba sa yarda da shi, wasu ma da maganaɗisu suke gwada harsashin mutum a bakin ƙofa, saboda ƙarfen da ke jikin kan harsashin yana lalata musu bangon tare harbi, yana kuma iya tayar da tartsatsi. Yawancinsa daga Rasha yake zuwa a da, kuma tun da Amurka ta sa takunkumi kan sababbin takardun shigo da shi a 2021 ya yi ƙaranci, ratar farashin ma ta ragu. Wanda ake sayarwa a leda ba suna ba lamba a bajekolin bindigogi, wanda wani ya sake cika kwansonsa a garejin gidansa, shi kam ina roƙonka ka bar shi ko nawa aka ce. Idan albarushin ya yi yawa a guda ɗaya tak, bindigar na iya fashewa a hannunka, kuma babu wanda za ka kama. Arha ba ta ado.

Abin da ya fi wurin saye tasiri shi ne lokacin saye, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Kasuwar harsashi a Amurka tsoro ne ke juya ta. An yi ƙarancinsa bayan zaɓen 2008. An sake yi bayan kisan makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, lokacin da mutane suka ɗauka za a tsaurara doka suka kwashe kantuna. Na 2020 ya fi duka muni: annobar korona, zanga-zanga da zaɓe suka haɗu, miliyoyin mutane suka sayi bindigarsu ta farko, kamfanin Remington mai ƙera bindigogi da harsasai kuma ya durƙushe a shekarar. Harsashin 9mm da ake samu a wajen senti 20 ya haura senti 60 a farkon 2021, shi ma idan an samu. Kowane karo farashin ya dawo ƙasa daga baya, kuma waɗanda suka ƙone su ne waɗanda suka yi sari a tsakiyar firgici. Masana'antun kaɗan ne, ba sa iya ninka aikinsu cikin wata guda, shi ya sa ɗan ƙarin buƙata ke tayar da farashi haka. Masana'antun harsashi na Federal da CCI da Speer da Remington duk gida ɗaya ne yanzu, kuma tun ƙarshen 2024 suna hannun kamfanin CSG na ƙasar Cek. Dabararka ita ce ka riƙe abin da zai ishe ka wata 4 zuwa 6, ka sake cikawa lokacin da kasuwa ke kwance, musamman rangwamen ƙarshen Nuwamba. Idan aka shiga wani firgicin, ka rage harbi ka jira. Fiye da haka ɗaure kuɗi ne, kuma dala 1,500 da ke kwance a akwati tana iya juyawa sau da yawa a manja kafin shekara ta zagayo.

Ajiyar ba wuya. Houston akwai laima, don haka ka nemi akwatin ƙarfe mai robar baki, ka jefa ƙunshin maganin danshi a ciki, ka ajiye cikin gida inda ba zafi, ba a gareji ba. Ka kulle shi, daban da bindigar, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Akwai kuma rangwamen da ba dillalin da zai gaya maka, wato ka rage adadin da kake harbawa. Mutum zai harba guda 150 a sa'a guda, amma kashi mai yawa daga ciki bayan hannu ya gaji ne, ba abin da ya koya. Guda 60 da aka harba da niyya, yau jan kunama, gobe saurin ɗaukar saiti, sun fi amfani. Masu koyarwa suna ba da shawarar atisayen jan kunama a gida da bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta, harsashi kuma yana wani ɗakin daban, kuma wannan kyauta ne. Idan kana son yawan harbi, ƙaramin harsashi na .22, wanda ake harbawa a bindigar da aka ƙera dominsa, bai kai rabin kuɗin 9mm ba. Ka kuma duba ko filin yana da rajistar wata ko ta shekara, don mai zuwa kowane mako yakan fi cin riba da ita. Cika kwanso da kanka kuwa, ga 9mm ban ga ribarsa a wajenka ba. Injin da kayan aikin za su ci ɗaruruwan daloli, abin da za ka rage a kowane harsashi kaɗan ne, kuma lokacin mai shago yana da tsada. Ka riƙa wanke hannu da fuska bayan harbi kafin ka taɓa abinci ko yara, saboda ƙurar dalma.

Batun sayarwa a shago, shawarata ita ce a'a. Ribar harsashi siririya ce, tun daga masana'anta an ɗora masa harajin tarayya na kashi 11 cikin ɗari, kuma za ka yi gogayya da dillalan da ke saye tirela-tirela. Kai da ke saye a farashin da kowa ke gani a wayarsa, ina ribar za ta fito? Ga inshorar shagonka da yarjejeniyar haya, waɗanda aka rubuta su a kan kayan abinci. Ga kuma nauyin doka. Laifi ne a dokar tarayya ka sayar ko ka ba da harsashi ga wanda ka sani, ko kake da dalilin zaton, an haramta masa riƙe shi. A cikin jama'armu wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu yana cikin waɗanda aka haramta wa, in ban da 'yan keɓantattun yanayi kamar mai lasisin farauta, wanda ba shi da takarda kuma haramcin a kansa kai tsaye ne. Za ka iya tambayar kowane abokin ciniki takardunsa? Idan haɗa kuɗi za ku yi ku biyu ko uku da kuka san juna sarai don ku cika adadin da ake yafe kuɗin dako, wannan ba laifi, kowa ya ɗauki nasa a kan uwar kuɗi. Ka tuna kuma sauƙin Texas ba ko'ina yake ba. A Kalifoniya da New York sai an binciki mai saye, kuma kaya ta hannun dillali mai lasisi suke bi, a Illinois kuma sai da katin izini. Idan ka ƙaura, ka fara da karanta dokar jihar.

Saura roƙon ɗan'uwanka. Alhaji, kada ka yi, ko guda ɗaya. Fitar da harsashi daga Amurka ba lasisin gwamnati laifi ne da ke kai mutum kurkuku na shekaru, kuma ga mai takardar zama irinka yana iya ƙarewa da kora daga ƙasar bayan ɗaurin. A Najeriya kuma Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattun makamai da sai da izinin Shugaban Ƙasa ake riƙe su, shigo da harsashinsu ba izini kuma babban laifi ne. Kwastam suna sa ido sosai. A Yulin 2024 sun baje kolin bindigogi 844 da harsasai 112,500 da suka kama a kwantena guda a tashar Onne ta jihar Ribas. Sunanka ne a takardun kwantenar, kayanka na halal ne za a riƙe tare da kwalin, kuma wakilinka na Legas da bai san hawa ba bai san sauka ba shi za a fara kamawa.

Na san ɗan'uwan naka wataƙila tsoro ne ya sa shi roƙon, kuma duk wanda ke da dangi a Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari ba zai raina wannan tsoron ba. Amma harsashin da ya shiga ƙasa ta ɓoye ba ya zama a hannun da aka nufa. Ana sayar da shi, ana sace shi, ana ƙwace shi, kuma mutanenmu ne a ƙarshen hanyarsa. Ka gaya masa gaskiya da bakinka cewa ba za ka iya ba, ka kuma faɗa masa dalili. Idan taimako kake son yi, dala dubu da wani abin da za ka rage a shekara ta hanyar sari za ta yi masa ƙofar ƙarfe, da fitilun sola a kewayen gida, ko ta biya masa hayar shekara a unguwar da ta fi tsaro.