Sun ce in tsine wa ɗan farina, na ƙi

Assalamu alaikum Anti,

Wata huɗu ke nan rabona da barcin kirki. Ɗan farina ne, wanda ko sunansa ban taɓa kira ba tun da aka raɗa masa. Da bakinsa ya faɗa mini, bayan isha'i, yana durƙushe a ɗakina. Ya ce tun yana sakandare zuciyarsa ba ta karkata ga mata, maza 'yan'uwansa take so, ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, abin bai gushe ba. Anti, ban san sanda na jawo kansa na ɗora a cinyata ba. To laifina ke nan.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji, sai ya tara yayarsa da ƙannensa a falo, aka ce in tsine masa a gabansu, in ce ba ni ba shi. Na ce bakina ba zai iya ba. Tun ranar na zama abin nuni. Gwaggon yaran ta ce ni na ɓata shi, wai ina sa shi daka da wanke-wanke yana ƙarami. To wa zan sa? Sai da na shekara tara kafin in samu 'ya mace! Kishiyata kuwa ta samu abin yi, ko gaishe ta na yi sai ta ce Allah ya shirya mana zuri'a, tana kallona. Ni na ɓata shi, Anti? Ni da na sayar da ɗankunnena na biya masa kuɗin makaranta? Sauran yaran ba ni na raine su ba?

Alhaji ya daina cin abinci ranar girkina. Yau ya ce gidan mari za a kai shi, gobe ya ce bayan sallah za a ɗaura masa aure da 'yar ƙaninsa, wai in ya ɗanɗana aure zai warke. Shi kuma yaron ko shago ya daina fita, har babur ɗinsa da wayarsa ya ba ƙaninsa wai ba zai ƙara buƙatarsu ba, sai yawan "Umma ki yafe mini". Me ya yi mini? Su dai su daina cewa ni na ɓata shi. Ko a gidan biki gwaggon nan sai ta yi mini habaici.

A ɓoye nake kai masa tuwo. Shin na yi saɓo da na ƙi tsine masa? Kuma yaya zan yi dangin mijina su gane ba laifina ba ne?

Uwa cikin damuwa, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwata,

Ban ji ta bakin Alhaji ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba, tsoron bakin duniya ma ciwo ne. Fatawa kuma ta malamai ce, kowa ya san abin da suke cewa, ɗanki ma ya sani, shi ya sa yake kwana kan sallaya. Amma ki ajiye mini gwaggo da kishiya tukuna. Kin cika takarda da "ni na ɓata shi?", sai kika wuce layi ɗaya a guje, ni kuwa nan gabana ya faɗi.

Saurayi ya raba babur da waya, ya ce ba zai ƙara buƙatarsu ba, yana ta neman gafara. Wannan sallama ce. Haka mai shirin kashe kansa yake yi. Ki kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da duk ƙwayoyin da ke gidan, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa, tambayar ba ta cusa wa mutum abin da babu a ransa. Cikin makon nan ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai a asibitin koyarwa na Shika, akwai na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ciwon damuwa za a duba, shi ne mai kisa. Ɗaya abin kuwa, wato karkatar zuciyarsa ga maza, tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtuka, don haka duk wanda ya ce yana da allurarsa kuɗinki yake so. Wanke-wanke ma ba ya sa shi, da duk almajiran da ke aikatau a gidaje sun zama haka.

Ba ki yi saɓo ba. Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, kada ta dace da sa'ar karɓa. Wanda ya tara mutane don a tilasta wa uwa ta yi abin da aka hana, shi ya kamata ya je ya tambayi malam. Na ce ba zan yanke wa Alhaji hukunci ba, amma wannan taron falon kuskure ne babba. Ba ki faɗa mini yadda sirrin da aka yi a ɗakinki ya isa can ba. Ko ma wa ya kai, ya tsaya nan. Dokar da aka sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, jihohinmu kuma na da dokokin shari'a masu tsanani, amma kafin a je kotu, samarin unguwa da gora sun gama aiki. Ki samu wani babba da Alhaji ke jin kunyarsa, ya nuna masa cewa habaicin yayarsa a gidan biki zai iya jawo masa gawa.

Gidan mari kuwa, ko sama da ƙasa za su haɗu kada ki yarda. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Ku kuma masu karatu, ku ji ni da kyau. Yaushe aure ya zama asibiti? Yaro na shaye-shaye, a yi masa aure. Yana da taɓin hankali, a yi masa aure. Ita yarinyar da za a kai, wa ya tambaye ta? A rufe ta da mijin da ba ya sha'awarta, shekara biyu ba ciki, a ce juya ce, a fara kai ta wurin masu magani. Wasiƙun irin waɗannan matan ma suna zuwa mini, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane.

Dangin mijinki ba lallai su taɓa wanke ki ba, ki daina jira. Tuwon nan ki daina kai shi a ɓoye, ki ɗauka da rana tsaka kowa na gani, ki zauna har ya cinye. In dare ya yi ki shiga ɗakinsa, ki ajiye alkunyar ɗan fari a bakin ƙofa, ki kira shi da sunansa, ki ce ya je ya karɓo wayarsa don za ki riƙa nemansa.

Anti