Fedar kuloci tana nutsewa, in zuba baƙin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Golf 4, da ita nake zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina. Kwanan nan da safe fedar kuloci takan yi laushi, sai na taka ta sau da yawa kafin giya ta shiga, man birki kuma yana raguwa. Jiya a Mashi fedar ta kwanta ƙasa ta ƙi dawowa, da hannu na jawo ta. Wani mai gyara ya ce in zuba baƙin mai, wai ya fi kauri, zai toshe yoyon. Ina ɗaukar iyali a motar nan, hankalina bai kwanta ba. Zan iya gyarawa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, za ka iya, amma kafin ka ɗauki sifana ka fitar da maganar baƙin man nan daga ranka.

Yoyo gare ka, kuma iska ta shiga layin. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, ka bi sandar da ta tashi daga feda ta shiga kulocin sama, wato ɗan famfon da ke tura mai in ka taka feda. In ka ga danshi a wurin, ko kafet ya jiƙe yana santsi, na saman ne ya tafi. In nan a bushe yake, buɗe bonet ka dubi kulocin ƙasa, wanda ke karɓar man daga na sama, a jikin giyabos, ka ɗan ɗaga robar da ta rufe bakinsa. Mai ya tsiyayo, ka kama ɓarawo. A Golf 4 mai giya 5 na ƙasan a waje yake, noti biyu ne da tiyo ɗaya, aikin gida ne. A mai giya 6 yana cikin giyabos, sai an sauke shi gaba ɗaya, wannan ka kai gareji.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an turo mana mota an zuba mata baƙin mai, ko man giya, ko jan man sitiyari a kofin man birki, mai ita ya ce "ai duk mai ne". Robobin da ke cikin kuloci da birki an yi su ne don man birki kaɗai. Da sun haɗu da man da aka tace daga ɗanyen man fetur sai su sha su kumbura. Ranar farko yoyo yakan tsaya, mai mota ya yi ta sa wa wanda ya ba shi shawara albarka, alhali kumburin robar ne ya toshe ramin. Bayan 'yan kwanaki robar ta yi taushi kamar cingam, ka matsa ta da farce ta yage. Ko robar da ke ƙarƙashin murfin kofin za ka ga ta faɗaɗa ta ƙi komawa mazauninta. Da ita muke gane abin da aka yi tun mai mota bai buɗe baki ba.

Abin da mai gyaran naka bai faɗa maka ba shi ne, a Golf 4, haka ma Sharon da 'yan haya ke ja, kuloci ba shi da kofinsa daban. Daga kofin birki yake sha. Duk abin da ka zuba don kuloci, ka zuba wa birkin taya huɗu ne. Kuloci ya mutu, ka tsaya a gefen titi ka sha rana. Birki ya mutu kana gangarowa kan shataletale a Ƙofar Ƙaura da yara a baya, wa zai tsayar da kai?

Masu kaɗa Omo da ruwa su zuba, su ma jirgi ɗaya ya kwaso su. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Sabon man birki DOT 3 sai ya kai 205, DOT 4 kuwa 230. Birkin da aka yi ta takawa a zafin Afrilu ya wuce 100 ba wuya, ruwan ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa fayau. Ga tsatsa da zai cinye silinda daga ciki. Wai dabarar direbobi ce! Haka man da ake ɗurawa a gorar ruwa ana sayarwa a tasha: man birki yana zuƙar danshi daga iska, wanda ya daɗe a buɗe ya riga ya lalace. Sayi DOT 4 mai hatimi, shi aka rubuta a murfin kofinka. Kada ka ga DOT 5 ka ce lamba ta fi girma, wani sinadari ne daban, ba ya gauraya da naka.

In ka sauya wanda ya lalace, saura cire iska. Cika kofin har baki, domin bututun kuloci daga can saman kofin yake fita, mai ya ɗan sauka sai ya sake zuƙar iska alhali kana ganin kofin da saura. Sa siririn tiyo mai haske a kan ɗan notin cire iska da ke jikin kulocin ƙasa, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan man birki. Wani ya taka feda ya riƙe, ka kwance notin kaɗan, ka ɗaure, sannan ya ɗaga fedar da hannu a hankali. Kada ya saki kafin ka ɗaure. Ku maimaita har kumfa ta daina fitowa, kana ƙara mai a kai a kai. In ta yi gardama, samo babban sirinji ka tura man daga ƙasa ya hau sama, iska dama sama take so. Wanda ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

In kuwa ka riga ka zuba baƙin man kafin ka rubuto, kada ka tayar da motar, kada ma ka taka birki. A jawo ta. Zuƙe kofin kaɗai ba ya isa in man ya riga ya sauka: sai an wanke layin duka, an sauya mastar birki (babban famfon birkin), kulocin sama da na ƙasa, tiyoyin roba da robobin kowace taya.