Tambayoyin Masu Karatu: Ana iya cin zaɓe ba tare da suna a takardar ƙuri'a ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Unguwar Rogo ne a Jos. Ɗan takarar da muke goyon baya ya faɗi zaɓen fid da gwani na kujerar majalisar dokokin jiha, sai wani abokina ya ce a Amurka akwai waɗanda suka ci zaɓe bayan jam'iyya ta hana su tikiti, domin masu zaɓe sun rubuta sunayensu da hannu a takardar ƙuri'a. Shin gaskiya ne? Mu ma za mu iya yin haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya game da Amurka, amma a Najeriya wannan hanya a rufe take, kuma tsarin mulki ne ya rufe ta.

A yawancin jihohin Amurka, takardar ƙuri'a tana ɗauke da sunayen 'yan takara, sannan a ƙasa akwai gurbin da aka bari, inda mai zaɓe zai iya rubuta sunan wanda yake so. Kowace jiha da nata ƙa'idojin. Da yawa suna sharɗanta wa mai neman ƙuri'a ta wannan hanya ya fara sanar da hukumar zaɓe a rubuce, wasu kuma, kamar Hawaii da Nevada, ba su yarda da tsarin ba kwata-kwata.

Wadda ta fi dacewa da tambayarka ita ce Lisa Murkowski ta jihar Alaska, domin ta bi matakan jiha da na tarayya duka. Ta shiga majalisar dokokin jiharta a 1999, sai a 2002 mahaifinta, Frank Murkowski, ya ci zaɓen gwamna ya bar kujerarsa ta sanata, ya kuma naɗa 'yarsa ta gaje shi, lamarin da ya jawo masa surutu mai yawa. Ta ci zaɓe da kanta a 2004, amma a watan Agustan 2010 wani lauya mai suna Joe Miller, wanda tsohuwar gwamna Sarah Palin ta mara wa baya, ya kayar da ita a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican. Ba ta haƙura ba, ta nemi jama'a su rubuta sunanta a babban zaɓen watan Nuwamba. Wahalar ita ce sunan nata ba mai sauƙin rubutawa ba ne, don haka wani ɓangare na yaƙin neman zaɓenta ya koma koya wa mutane jera haruffan, har da rabon awarwaron roba mai ɗauke da sunan. Ta ci da ratar ƙuri'u kusan 10,000. Miller ya garzaya kotu yana neman a soke duk ƙuri'ar da aka yi kuskuren harafi a cikinta, sai kotun ƙolin jihar ta yanke cewa abin dubawa shi ne nufin mai zaɓe, matuƙar an gane wanda yake nufi. An sake zaɓenta a 2016 da 2022.

Kafin ita, Strom Thurmond, tsohon gwamnan jihar Carolina ta Kudu, ya shiga majalisar dattawa ta wannan hanya a 1954, bayan sanata mai ci ya rasu kuma shugabannin jam'iyyar Democrat sun tsayar da wani ba tare da zaɓen fid da gwani ba. Shekara 56 ke tsakanin nasarorin biyu. A lura kuma dukansu sanannun mutane ne masu kuɗin kamfe da magoya baya a kowane lungu na jiharsu tun kafin su rasa tikiti, saboda haka a ganina kada a ɗauki tsarin a matsayin ƙofar talaka.

A nan gida, tsarin mulkin 1999 ya sharɗanta a sashe na 106 cewa mai neman kujerar majalisar jiha dole ya kasance ɗan jam'iyya kuma ita ce ta tsayar da shi, kuma irin wannan sharaɗi yana cikin sashe na 65 ga majalisar tarayya, na 177 ga gwamna, na 131 ga shugaban ƙasa. Shi ya sa takardar da INEC ke bugawa take ɗauke da tambarin jam'iyyu, mai zaɓe ya dangwala yatsa a gefen wadda yake so. Duk wanda ya rubuta suna a kai, babu wanda za a ƙirga wa, kuma yana iya jefa ƙuri'arsa cikin lalatattu.

Kotun Ƙoli ta nuna ƙarfin jam'iyya sau biyu ta hanyar da ba a mantawa. A 2007 ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas ko da yake bai tsaya a babban zaɓe ba, bisa hujjar cewa shi ya ci zaɓen fid da gwani na PDP kuma jam'iyya ce aka zaɓa. A 2019 kuma ta soke dukan ƙuri'un APC a Zamfara saboda ba a yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna.

An sha kawo batun ɗan takara mai zaman kansa a gyaran tsarin mulki, kuma irin wannan gyara yana buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na majalisar tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36. Abin da ya rage wa ɗan takararku shi ne, idan yana da hujjar an yi maguɗi, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 14 da faruwar abin, domin ƙarar da ta shafi kafin zaɓe ba a sauraronta idan wa'adin ya wuce.