Tambaya da Amsa: Wasan Kwaikwayo a Tashar Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasa tana son gabatar da tsofaffin wasannin kwaikwayon da muka karanta a makaranta, amma kuɗin hayar zaure ya fi ƙarfinmu. Wasu sun ce mu fita fili, wasu kuma sun ce kai irin wannan wasa tasha ko bakin kasuwa zubar masa da daraja ne. Ina mafita? Daga wani malamin sakandare a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Masu maganar zubar da daraja ba su waiwayi tarihi ba. A birnin New York na Amurka, wani mai shirya wasan kwaikwayo, Joseph Papp, ya fara nuna wasannin Shakespeare, shahararren marubucin nan na Ingila, kyauta a wani dandali da ke bakin kogi a 1956, shekara ta zagayo ya kafa dandamali a bayan babbar mota yana bin unguwanni, har ya yada zango a lambun Central Park. A 1959 kwamishinan lambunan birnin, Robert Moses, ya kafe sai an riƙa karɓar kuɗin shiga, wai 'yan kallo suna tattake ciyawa, amma kotu ta ba Papp gaskiya, kuma a 1962 aka buɗe gidan wasa na Delacorte a lambun, inda har gobe ake raba tikiti kyauta. A Legas ma, Freedom Park da ake wasanni a cikinsa tsohon gidan yari ne na zamanin Turawa. Mu kuwa da muka tashi muna kallon tashe a ƙofar gida, fili ba baƙonmu ba ne.

Abin da zai ba ku wahala shi ne murya. A tasha za ku yi gogayya da odar motoci da kiran 'yan kamasho da ƙarar janareto, saboda haka ku nemi kusurwar da katanga za ta kasance a bayan 'yan wasa domin ta maido da sauti wajen jama'a, ku shimfiɗa tabarmi a gaba don yara, ku ware wa mata gefensu. Ku fara bayan la'asar ku tashi kafin magariba, wanda ke nufin dole ku rage wasan ya dawo kamar sa'a guda. Kada ragin ya ɗaga muku hankali, domin mai wucewa a tsaye yake kallo, kuma da ya gaji zai kama gabansa. Ina ganin ya kyautu ku sa mai ba da labari ya riƙa tunatar da inda aka kwana, saboda waɗanda suka iso a tsakiya.

Kafin ranar, ku je ku gaida mai unguwa da shugabannin ƙungiyar direbobi, ku sanar da 'yan sanda. Shakespeare ya mutu tun 1616, wasanninsa ba su buƙatar izini, amma wasannin Hausa da aka buga da fassarorin zamani suna da masu haƙƙi, sai ku tuntuɓi marubucin ko magadansa ko kamfanin ɗab'in.