Amsa ga Babana kan gonar gawo

Babana,

Saƙonka ya iso. Ƙanwarka ta karanta mani har sau biyu, ita ce kuma ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Ka ce wani malami a Yamai ya yi wa'azi cewa riƙe gado babu rabo zalunci ne, shi ne kake tambaya me ya hana a raba gonar kakanninka har yau, ko al'ada ce ta danne mu mata. Na ji daɗin da tambayar ta fito daga bakin wanda ya ci sunan mahaifina. Ka san shi ya sa tun kana goye ban taɓa kama sunanka ba.

Baba an haife shi cikin Ƙaƙalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, lokacin Damagaram ce babban birnin ƙasa a hannun Faransa, kafin su maida shi Yamai a 1926. Inna daga wajen Matamaye aka kawo ta. Gonar da kake magana ba gado suka same ta ba. Daji ne kudu da Mirya, mai gari ya nuna masu, su biyu suka sassabe shi. Da haraji da aikin dole suka tsananta, Baba ya tsallaka iyaka zuwa wajen Daura kamar yadda mutane da yawa suka yi, ya yi damina biyu can. Inna ita kaɗai ta yi shuka, ta yi noma, da goyon babban wanmu a bayanta. Sai a 1946 aka soke aikin dole. Don haka in na ji ana cewa gonar Baba nakan gyara, in ce gonar Baba da Inna.

Mu bakwai muka rayu, maza huɗu, mata uku, cikin gandu muka tashi. Daga safe zuwa azahar kowa yana gonar gida. Da yamma da ranar Juma'a kowa ya nufi gamanarsa, ɗan filin da mai gida ya yanka masa, abin da ya fito nasa ne. Gandu shi ke ciyar da gida, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure. Babban rumbu kuwa ba a taɓa shi da rani. Maza su tafi cin rani, mata su lallaɓa da abin gamana, sai ruwa ya sauka ana bukatar ƙarfin riƙe hauya sannan Baba ya buɗe shi da hannunsa.

Farin 1973 ya cinye mana shanu. Amma wanda ban mantawa shi ne na 1984, da muke kira El Buhari, don a shekarar aka rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Na je gida daga birni na tarar da rumbu fayau. Wani mai kuɗi ya aiko a ba shi gindin gonar jingina, ya ba da buhunan garin rogo. Ɗaya daga cikin yayyena har ya yarda, ban kuma ga laifinsa ba, ƴaƴansa ganyen tafasa suke ci. A daren Inna ta kira mu ɗakinta, ta sa aka ja gadon kara, ta tona ƙasa da hannunta. Tulu uku ne a binne, an liƙe bakinsu da laka. Ta fasa ɗaya, sai ga irin gero gauraye da toka don kada ƙwari su ci. Yara suna kuka a tsakar gida, ita kuwa ko tiya ɗaya ba ta ɗiba ba. Ta ce wannan na gona ne, in an ba da gonar ina za a zuba shi? Baba bai ce komai ba. Da gari ya waye ya sayar da rigarsa ta Sallah da jakinsa, ya aika wa mai kuɗin cewa an gode. Irin nan aka shuka da ruwa ya dawo a 1985, jikokinsa ake shukawa har yau.

Gawon da ke tsakiyar gonar ma Baba ne ya hana a sare. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ƴaƴansa su riƙe awaki. Bayan wancan fari ne mutanen Mirya da Magarya da Matamaye suka koma barin tohonsa cikin gonaki.

Yanzu ga maganar malaminka. Gaskiya ya faɗa, Babana, kada ka yi shakka. Bayan rasuwar Baba liman ya zauna da mu ya yi lissafi. Inna tumuni, tunda akwai ƴaƴa. Sauran kashi goma sha ɗaya, namiji biyu, mace ɗaya. Kowa ya ji nasa da kunnensa. Daga nan mu da bakinmu muka ce a bar ta haɗe, don Inna na da rai, kuma babu wanda ke iya jan igiyar awo bisa inda ta yi noma da goyo. Aka tsara cewa kowace kaka a fara fidda zakka, dami ɗaya cikin goma, waɗanda suka yi noma su ɗauki ladan wahalarsu, sannan a raba saura bisa kason kowa. Nawa har ƙofar gida ake kawo mani nan Damagaram.

Sai dai akwai inda muka yi kuskure, ni ma ina ciki. Shekaru uku a jere ba a kai wa autarmu nata ba, ana cewa shekara ba ta yi kyau ba, alhali na ga sabon rufin kwano a gidan. Kunya ta hana ta magana, ni kuma na yi shiru don kada a ce na raba zumunci. Ta rasu ban ƙwato mata ba. Abin yana cina har gobe, kuma ƴaƴanta suna bin gidan nan bashi.

Cikin mu bakwai saura uku. Jikoki da tattaɓa-kunne sun haura sittin, wasu Yamai, wasu Kano, wasu Agadas. In aka yanka ta yau, wani abin da zai samu bai wuce shimfiɗar tabarmi ba, shi ya sa ni ina son ta zauna haɗe. Amma yardar da muka yi tamu ce, ba ta hau kanku ba. Duk wanda ya nemi kason ubansa ko na uwarsa a ba shi, ko fili ko kuɗinsa, kada wanda ya harare shi.

Kai ka yi lakkol, ga aikinka. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira kofo, suna ba da takardar shaidar gona. Ka zo da kaka, ka taho da littafi. Baffanka ƙarami ne kaɗai ya rage da ya san iyaka, inda gamba ta bi da inda aka binne duwatsu, ƙafarsa kuma ta fara ciwo. Ka zagaya da shi, ka rubuta sunan kowane magaji, mata da maza. Ƴaƴan autarmu su ka fara sawa, da damman shekaru ukun nan.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Gwaggonka