Kakanmu ya rasu a hannun Jamusawa: shin takardar soja tana tabbatar masa da gado?

Tambaya: Malam, Faransawa sun ɗauki kakanmu soja daga ƙasar Damagaram, Jamusawa suka kama shi a 1940, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bana muka samu kwafin takardunsa, sun nuna ya rasu a sansanin fursunoni bayan rasuwar mahaifinsa. Gonar mahaifin kuwa ƙannensa suka raba, ba a ba babanmu komai ba. Muna da haƙƙi?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ji ƙan kakanku. Dubban sojojin Afirka da aka kama a watan Yunin 1940 a cikin Faransa Jamusawa suka tsare su, ana sa su aikin gona da saran itace, tarin fuka ya kashe da yawa.

A mazhabar Malikiyya wanda yake tsare a hannun abokan gaba ana lissafa shi rayayye. Shehu Halil ya faɗa a littafinsa na fiƙihu, Muhtasar, cewa ana jiransa har shekarun da tsararsa ba sa wucewa, wato shekara saba'in da haihuwa. In wani nasa ya rasu a tsakani, sai a ajiye rabonsa. Idan ta tabbata yana raye ranar rasuwar, rabon nasa ne, magadansa su gaje shi. Idan wa'adin ya cika ba labari, a mayar wa sauran magada, don ba a gado da shakka. Saboda haka kada ku ɗora wa ƙannen kakanku zalunci kai tsaye, mai yiwuwa sun yi aiki da abin da suka sani.

Ita takardar ba shaidar adilai biyu ba ce. Alama ce mai ƙarfi, ƙarina a bakin malamai, kuma alƙali yana iya dogara da ita in ta kuɓuta daga zargi. Magatakardan da ya rubuta ranar mutuwar bai san gonarku ba, ba shi da riba a ƙarya. Abin da nake tsoro shi ne kuskuren suna. Turawa sun sha karkata sunayenmu, Musa nawa aka ɗauka daga gari guda? Ku duba lambarsa ta soja, da sunan uba, da ƙauye, da shekarar ɗauka. Ku gwada da bayanan Red Cross na Janeba da na ma'ajiyar sojan Faransa a birnin Caen. Sannan ita ma rasuwar mahaifin sai an tabbatar da lokacinta ta bakin dattawa, wace damina ce, wane sarki ne a kan karagar mulki.

In duka biyun sun tabbata, kakanku ya gaji mahaifinsa, rabonsa kuma ya gangaro ga matarsa da babanku da duk mai haƙƙi a ranar da ya cika, har da mahaifiyarsa in tana raye. Daɗewar gona a hannun dangi tana rufe bakin wanda ya san haƙƙinsa ya yi shiru ba uzuri. Ku kuwa hujjar ba ta hannunku sai bana.

Duk da haka ina ba ku shawarar sulhu. Masu noma gonar yau jikoki ne irinku, wasu sun haƙa rijiya, wasu sun dasa itace. Ku zauna gaban manyan gida da malami masanin rabon gado, a karanta takardar kowa ya ji, a ƙiyasta rabon, ku karɓi fili ko kuɗi, ko ku yafe da daɗin rai. In an kasa daidaitawa, sai gaban alƙali.

Sallar ga'ib, wato sallar jana'iza ba tare da gawa ba, makaruhi ce a wurin Malikiyya, ku yi masa addu'a da sadaka. Wallahu a'alam.